Sunana a Jikin Jatan Lande

Kafin na fara, alfarma ɗaya nake roƙo: ku daina turo min hoton zuciyoyi. Tun da bidiyon nan ya fita wayata ba ta huta ba. Wata har cewa ta yi, "Odile, in ba kya so ki ba ni shi." Zo ki ɗauka, 'yar'uwa, har gida zan kai miki. Amma ki zauna tukuna ki ji abin da bidiyon bai nuna ba, don yau raina a ɓace yake, kuma ba wanda zan rufa wa asiri, ko da Mama ce.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Odile Doucet, ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a sashen nazarin halittu. Gidanmu manoma ne a kudancin Louisiana. In an girbe shinkafa sai a cika gonar da ruwa a yi kiwon jatan lande. Da shi aka ciyar da ni, da shi aka yi min sutura, ƙarninsa ma ina jin ya shiga jinina. Shi kuwa Emmett Kessler da kuke ta mutuwa a kansa, ɗalibin digirin dokta ne a ɗakin bincikenmu. Ɗan Ohio ne, dogo, mai gilashi, ya iya ce wa tsofaffi "ranki ya daɗe" har su narke. Shekara biyu muna tare.

Ba irin jatan landen gona nake nazari ba. Akwai wasu da ba sa zama a ruwa, rami suke haƙawa a ƙasa mai danshi, su tara taɓo a bakinsa. Ba a kama su da tarko. Rub da ciki za ki kwanta, ki zura hannu har kafaɗa, ki yi ta lalube har wani abu ya cije ki. In kin yi sa'a jatan lande ne. In ba ki yi ba, maciji.

A bayan gidan kakata, wadda muke kira Mawmaw, gefen magudanar da ta bi ta bayan maƙabartar coci, na zaro wani da ban taɓa ganin irinsa ba. Shuɗi ne, bakin almakashinsa ja kamar ya shafa jan farce. Na auna, na zana, na kwatanta shi da duk na cikin kwalaben jami'a, babu mai kama da shi. Damina biyu ina bin ramukan nan. Jan kiyashi ya cinye min ciki, farcena biyu suka fita, sauro ya mai da ni gidan abincinsa. Emmett sau ɗaya ya biyo ni, ya tsaya a kan kwalta yana riƙe min bokiti don kada takalminsa ya ɓaci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya yi gwajin ƙwayoyin halitta da ya tabbatar sabon nau'i ne, kuma ya iya aikinsa. Muka yi magana ta fahimta: takarda ɗaya za mu fitar, sunana a gaba, nasa na biye. Da takardar nan nake shirin neman gurbin digirin dokta. Ita ce kaɗai abin da zan nuna in ce ga aikina.

Sai aka yi wa mahaifina, Dadi, aikin zuciya ana tsakiyar kakar jatan lande. Na koma gida na karɓi kwalekwalensa, ina ɗaga tarkuna tun safe har hannuna ya daina rufuwa. Emmett ya rubuto:

"Ki kula da Dadi kawai. Rubutun ki bar min, zan ƙarasa mana."

Mana. Ku riƙe kalmar nan. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce yana ta goge ta, ba ya so mujalla ta dawo mana da ita. Ni kuma har daɗi nake ji, ina cewa Allah ya ba ni mai kula.

Ranar Alhamis aka yi bikin karrama ɗalibai na sashenmu. Biki ne da ba ya wuce shayi da biskit, farfesoshi na hamma a layin gaba. Shi ya sa na yi mamaki da Mama ta kira ni tun da safe.

"Koriyar rigar nan za ki sa, mai buɗaɗɗen wuya."

"Mama, ba ni za a karrama ba fa."

"Na tambaye ki? Ki sa, ki saki gashinki, kuma don Allah ki kankare taɓon da ke ƙarƙashin farcenki. Muna hanya."

"Kuna hanya? Ku da wa?"

Ta kashe. Na sa rigar, na sa dogon takalmin da ke cin ɗan yatsana, har 'yan kunnen lu'ulu'un Mawmaw na maƙala. Ina shiga zauren na hango su a jere: Mama da jakarta ta zuwa coci, Dadi cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa tun bayan asibiti, Mawmaw da sandarta tana harare-hararen farfesoshi. Na ce a raina, shi ke nan, zobe yaron nan zai fitar a gaban shugaban sashe.

Da ma zoben ne.

Shugaban sashe ya karanto lambobi, aka tafa, aka tafa. Da ya zo kan babbar, ta binciken ɗalibi mafi fice a bana, sai ya ce, "Emmett Kessler, saboda gano sabon nau'in jatan lande." Na juya na dubi na kusa da ni, ko kunnena ne. Emmett ya hau dandamali cikin shuɗiyar kwat, ya danna, hoto ya cika allo. Jatan landena ne, a kan tafin hannuna, har tabon cizon kiyashi ana gani a wuyan hannun.

"Wannan halitta tana buƙatar suna," in ji shi. "Na sa mata sunan macen da ta koya min duba ƙasa. Daga yau sunanta odileae."

Zauren ya ɗauka. 'Yan mata suka dafe ƙirji, wani ya yi fito, Mama ta fashe da kuka tana jijjiga hannun Dadi. Bidiyon da kuka gani ke nan. Kun ga na rufe baki da hannu, kuka ce daɗi ne ya kashe ni. Ba daɗi ba ne. Shafin farko na takardar nake karantawa a allo, kuma a ƙarƙashin take suna ɗaya ne tak. Nasa.

Bari na gaya muku abin da duk mai sana'armu a zauren nan ya sani, Mama ba ta sani ba. A wajenmu mutum ba ya sa wa halitta sunan kansa. Abin kunya ne, har ka mutu ana yi maka dariya. Saboda haka duk wanda aka sa wa dabba sunansa, ba ya cikin marubutan takardar. Ɗaya za a ba ka, ko jikin dabba ko saman takarda. Emmett ya ɗauke ni daga saman aikina ya manna ni a bayan jatan lande, aka kuma ba shi lambar yabo a kai, ni ina zaune cikin koriyar riga ina jin ɗan yatsana na zugi.

Ban jira shayi ba. Na ja hannunsa zuwa lungun da manyan firji suke, inda ƙararsu ke rufe magana.

"Ina sunana?"

Ya yi murmushi. "Ga shi a jikin dabbar, masoyiya. Har abada."

"Kada ka masoyiya ni. Ina sunana a takarda?"

"Odile, ki tsaya ki yi tunani. Marubuta mantawa ake yi da su. Wa ya san wanda ya rubuta takarda shekara ɗari da suka wuce? Amma sunan halitta ba ya goguwa. Abin da ya fi girma na ba ki."

"Ka ba ni? Kai da ko hannu ba ka taɓa zurawa a rami ba? Ni na haƙo shi, ni na auna, zanen da ke shafi na uku hannuna ne!"

"Ai na gode miki a ƙarshen takardar."

"Ka gode min. Tare da wa? Mai gyaran firji?"

Ya cire gilashi yana gogewa, abin da yake yi ke nan in ya ga mace ta ɗaga murya. "Na ɗauka ba ki damu da wannan ɓangaren ba. Mamanki ta ce in kin gama bana gida za ki zauna, kin gaji da karatu, Dadi na buƙatarki kusa. Ni kuma ina neman aiki, takarda mai sunana ni kaɗai za ta buɗe mana ƙofa. Mu biyu za mu ci amfanin."

"Mamana ka tambaya."

"Ba na so na ɓata miki mamakin ne."

Jama'a, da akwai kwalba a kusa da na fasa. Sai na cire takalman na riƙe a hannu, na haye bene ba takalmi zuwa ofishin malamata, Dokta Lorraine Pickett.

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin nan ya san hoton da ke bango, wani ɗan kifi mai ratsin zinariya. Marigayi mijinta, babban masanin kifi, shi ya sa masa sunanta. A ƙasan hoton an rubuta lorraineae Pickett, don a al'adarmu bayan sunan halitta sai a biyo da sunan wanda ya rubuta ta. Ɗalibai mata kan tsaya gaban hoton nan su yi ajiyar zuciya. Ni ma na taɓa yi.

"Dokta, kin san da wannan?"

Ta dube ni, ta dubi takalman da ke hannuna, fuskarta ta sauya. "Ce min ya yi kin amince. Wai ke kika fi son sunan, don barin fagen za ki yi."

"Kuma ba ki kira ni ba?"

Sai ta nuna hoton da haɓa.

"Kin ga kifin can? Ni na jefa komar. Ina da ciki, ruwa har ƙugu. Pickett ɗin da ke ƙasa ba ni ba ce, shi ne. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina girmamawa ce, har na yarda. Da yaron nan ya zo min da maganar, so na yi ta zama gaskiya, shi ya sa ban ɗaga waya ba. Na cuce ki, Odile."

Ban tausaya mata ba a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba. Cewa na yi, "To yanzu fa?"

"Takardar ba ta fito ba, sai mako mai zuwa. In Emmett ya rubuta wa edita da kansa, za a dakatar, a mai da sunanki gaba, a canza wa dabbar suna. Ba wanda zai ji. Amma in ta riga ta fito, sunan ya zauna ke nan, ba mai iya taɓa shi. Abin da zai rage miki shi ne ƙara a gaban kwamitin ladabtarwa."

"In na kai ƙara me zai same shi?"

"Lambar za ta tafi. Wataƙila har digirin." Ta kalle ni ido cikin ido. "In kin kai, zan ba da shaida."

Ina fitowa na tura masa saƙo: "Ka rubuta wa edita ya dakatar. Sunana a gaba, kamar yadda muka yi alkawari. Ba na son sunan dabba."

Ya amsa nan take: "Na ji ki. Ki bar min komai, zan daidaita. Ina sonki." Da zuciya ja har uku.

Ranar Juma'a na tuƙa zuwa gida, don Mama ta riga ta gayyaci rabin gari cin jatan lande ranar Asabar, wai murnar samun sauƙin Dadi. Na same ta a kicin tana yanka albasa, rediyo na kiɗan goge, buhunan masara da dankali jingine da firji. Sabon labule ta sa, mai furanni. Mama ba ta canza labule don ciwon zuciya.

"Mama, me kika gaya wa Emmett?"

"Gaskiya."

"Wace gaskiya? Yaushe na ce miki na gaji da karatu?"

"Sai kin faɗa? Ni na haife ki. Kullum ki dawo a rame, kai duk taɓo, kamar wadda aka tono. Celeste ƙanwarki ce, 'ya'yanta biyu. Ke kuma kina kwance a kwata kina wasa da ƙwari."

"Aikina ya ɗauke, Mama. Ya sa sunansa a kai."

Ta aje wuƙar da ƙarfi. "Ya ɗauke ya kai ina? Ba gidanku ɗaya zai zama ba? Yaro ya tsaya gaban manyan malamai ya sa wa halittar Allah sunanki. Ubanki shekara talatin muna tare, da ya sayi kwalekwale sunan karensa ya rubuta a jiki!"

Daga falo Dadi ya ce, "Kare ne mai kirki, Verna."

"Kai ka yi shiru, likita ya hana ka magana!" Ta juyo kaina, idonta ya kawo ruwa, ban san ko albasa ce ba. "Odile, takarda ba za ta riƙe miki hannu a asibiti ba. Na zauna a bakin gadon ubanki, na san abin da nake faɗa. Gobe Fada zai zo daga coci, 'yan'uwa za su zo. Kada ki kunyata ni a kan ƙwaro."

Abin da ya fi ƙona min rai, ta yarda da abin da take faɗa. Ba mugunta ba ce. So ne irin wanda yake zaunar da mutum ya ɗaure shi da kujera.

Na fice zuwa gidan Mawmaw, tsallaken fili. Tana baranda a kujerarta mai lilo tana ɓare tafarnuwa. Na zauna a kan matakala na buɗe waya. A nan na rubuta ƙarar, zuwa ga kwamiti, da edita, da Dokta Pickett. Na haɗa hotunana ina kwance a taɓo, da zanena, da saƙonsa mai cewa "zan ƙarasa mana". A layin masu karɓa na sa har da shi. Na karanta, na ajiye ban tura ba. Mutumin nan shi ya kwana a kujerar asibiti ranar aikin Dadi. Shi yake cire min ƙaya a tafin hannu da ɗan hantsaki yana hura wurin. Na ce a raina, ya ce zai daidaita, bari na ba shi dama.

"Wa ya mutu?" in ji Mawmaw.

"Ba kowa."

"To fuskar ta mece ce? Jiya na ga ana ta tafi. Na tambayi uwarki me yaron ya yi, ta ce ya gano wani abu. Na ce a ina? A bayan gidana? Ni dai mutum ɗaya na sani da ke shigo min da taɓo har kunne tana ɓata min tawul."

Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace min. Ba ta rarrashe ni ba. Tafarnuwa ta turo min ta ce in taya ta.

Ranar Asabar tun hantsi tsakar gida ta cika. An jera dogayen tebura ƙarƙashin itacen nan babba, an shimfiɗe su da tsofaffin jaridu. Kawu Alcide na kan babbar tukunya da ludayinsa mai kama da matuƙin jirgi, tururin barkono na sa yara tari. Da aka juye, tebur ya yi ja wur: jatan lande, masara, dankali, tsiran alade, lemon tsami. Mama ta ajiye min farar riga a kan gado. Na bar ta a nan, na sa wandon aiki da tsohuwar rigar Dadi mai tabon man inji. Da ta gan ni ta ciji leɓe, amma Fada na kusa, ba halin magana.

Emmett ya iso da furanni kashi biyu, na Mama da na Mawmaw. Farar riga, an goge ta har tana ɗaukar ido. Maza suka yi ta dukan kafaɗarsa.

"Ga mai gano dabbobi! Kai, ɗan Ohio, ka iya ɓarewa yanzu ko har yau sai an ɓare maka?"

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Ka rubuta wa editan?"

"Na rubuta."

Wani sanyi ya ratsa ni. Har na kama hannunsa na matse. Na zauna na ci abinci da gaske, karo na farko tun Alhamis, barkono har gwiwar hannu.

Ana cikin ci Mama ta buga cokali a jikin kwalba. Mai gogen da aka ɗauko ya tsaya. Emmett ya miƙe, ya zagayo, ya durƙusa a kan ciyawa da gwiwa ɗaya, farin wandonsa a ƙasa. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Ya buɗe ɗan akwati, zoben na ƙyalli.

"Odile Doucet, na gane ba kya son abin da za a iya ɗauke miki. Na ji ki. Shi ya sa na roƙi edita kada ya jira mako mai zuwa." Ya zaro waya da ɗaya hannun, ya juyo min da fuskarta. "Ta fito jiya da yamma. Yanzu ba wanda ya isa ya canza, ko ni, ko ke. Na san ranki ya ɓaci, amma in kin huce za ki gode min. Ki aure ni."

Mata suka yi guɗa. Ni kuwa kunnena ya toshe. Na karɓi wayar da yatsuna masu maiƙo na duba. Ga shi nan baƙi a kan fari, yadda za a rubuta shi a kowane littafi, a jikin kowace kwalba, a kowace jami'a ta duniya, bayan ni da shi duk mun zama ƙasa: odileae Kessler.

Ban ce na yarda ba. Fada bai buɗe littafi ba. Amma mutumin nan ya riga ya liƙa sunansa a bayan nawa, ta hanyar da ko kotu ba ta rabawa.

"Na ce ka dakatar," na ce. Muryata ta fito a hankali har ni ta ba ni tsoro. "Sai ka ce a yi sauri."

"Don mu ne, masoyiya."

"Odile," in ji Mama daga bayana, tana yi wa mutane murmushi, haƙoranta a haɗe. "Yaro na durƙushe. Gwiwarsa za ta yi ciwo."

Na dubi Dadi. Ya sunkuyar da kai yana juya ɓawon jatan lande a faranti. Na dubi Fada, ya ɗaga kofinsa yana jira. Kowa jira yake na ce e a ci gaba da kiɗa.

Na ajiye wayar Emmett a kan jarida, na zaro tawa daga aljihun wando. Na buɗe ƙarar. Na danna in tura, ta ƙi. Na sake dannawa, ta ƙi, barkono da mai sun rufe gilashin. Sai na ji an taɓa min gwiwar hannu. Mawmaw ce, ta miƙo min gefen rigar girkinta ba tare da ta dube ni ba.

"Goge hannunki, yarinya. Waya ba ta jin yatsa mai maiƙo."

Na goge yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na goge gilashin. Na danna.

Tsakar gidan ta yi tsit, sai tafasar tukunyar Kawu Alcide. A kan jarida, tsakanin ɓawo da totuwar masara, wayar Emmett ta yi ƙara, ta haskaka. Ya kalle ta, ya kalle ni, har yanzu yana durƙushe da zoben a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Takarda ce na rubuta," na ce. "Buɗe ka gani. Ni ban cire sunanka ba."